Kawu Ya Yi Wa Kwamfutata Ruƙiyya

Jama'a, yau an cire wa kwamfutata aljani!

Kun san fitilun nan masu launi da ke cikinta. Jiya na saita manhajarsu don su riƙa bin sauti: in an yi magana su motsa tare, in murya ta tashi su koma ja. Da safe na bar ta a kunne a ɗakina a Jega, na tafi jami'armu a Aliero wajen malamin da ke duba furojet ɗina na kammala karatu.

Ashe Kawu ya zo cin kasuwa daga Karaye, Inna ta ce ya shiga ɗakina ya huta. Yana yin sallama, fitilu suka amsa! Ya yi a'uziyya, suka yi kore. Ya ɗaga murya da karatu, suka koma ja wur suna tsalle!

Na dawo na tarar da ɗaki yana ƙauri, Kawu riƙe da kofi. Ruwan tofi ya sheƙa mata ta wajen fanka!

Na ce, "Haba Kawu, manhaja ce fa! Ni na saita ta!"

Ya ce, "Yi man shiru! Ina ka taɓa ganin inji na amsa sallama?"

Na danna maɓallin kunna ta, na sake dannawa, ko motsi. Furojet ɗina kaf yana ciki, kuma jibi zan kare shi!

Na ce, "Kawu, ta mutu fa!"

Ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gani ko? Ya hita."