Garayar da baƙo ya yaba sau biyu

Shekarun baya, tun maigidana yana da rai da ƙarfinsa, wani baƙo ya sauka a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad. Jikata ce ke rubuta wannan, ni faɗa kawai nake yi, in kuka ya zo ta jira ni.

Damina ce, an sako ruwa a tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, ko'ina danshi. Bayan azahar mota ta tsaya, wani dogon mutum ya fito, baƙi kamar mu, tare da tafinta ɗan Sinja. Samari suka ce ai shi ne likitan nan na musalsal, wasan kwaikwayon Amurka da suke kallo a talabijin ɗin nadi, wurin taruwar samari. Maƙwabciyata har ta kawo masa ƙafarta mai kumburi. Ya yi dariya, ya ce ko allura bai taɓa yi wa kowa ba, rigar kawai ake ba shi ya sa. Abin da ke ransa kiɗa ne, kuma an gaya masa akwai mai garaya a gidanmu.

Garayar ta mahaifin maigidana ce. A kafaɗa ya taho da ita daga yamma, a ƙafa. In da danshi fatarta kan saki, ta riƙa magana kamar mai mura. Gasa ta aikina ne. In na gama toya kisra, wainarmu ta dawa, nakan riƙe garayar nesa da garwashi, ina juyawa ina ƙwanƙwasa ta da yatsa har ta farka. Baƙon ya nemi izinin maigida, ya bar gadon da aka shimfiɗa masa, ya zo ya tsuguna a bakin murhuna. Hayaƙi na sa shi hawaye, amma bai tashi ba.

A nan ya ba mu labarinsa ta bakin tafinta. Uwarsa wanki take yi a gidajen mutane. Kakansa ne ya koya masa kiɗa da wani abu mai fata irin wannan. Ya daɗe yana kaɗawa a bakin titi kafin wani ya gan shi ya kai shi talabijin. Ya ce duniya ta san fuskarsa, amma kakansa ya mutu bai san inda kiɗan nan ya fito ba.

Maigida ya kaɗa, ya rera waƙar hanya da ya gada, baƙon yana ɗauka da na'urarsa. Da aka gama ya karɓi garayar da hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Sai ya sake faɗa. Gabana ya faɗi, don a gidanmu baƙo ba ya yabon abu sau biyu ya tafi ya bar shi.

"Taka ce," in ji maigida.

Bawan Allah ya firgita, ya ƙi, ya sake ƙi. Maigida ya rantse, magana ta ƙare.

Da motar ta ɓace na ce, "Malam, da ni ya yaba sau biyu fa?"

"Da kafin ya kai garin Madani ya dawo mini da ke," ya ce.

Na yi dariya, amma na daɗe ina jin haushin baƙon nan. Maigida ya haɗa wata garayar, ba ta yi masa ba, ya rataye ta. Daga baya ciwo ya kwantar da shi, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Fuskarsa ba ta taɓa barina ba, haka tafiyarsa in ya dawo daga hawasha, wato gonarmu, da fartanya. Muryarsa ce ta riƙa ɓace mini. In na nemi yadda yake kirana, sai in ji shiru. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata rana jikata, wadda ke koyarwa a Sinja, ta shigo da waya a hannu.

"Haboba kakata, goge idonki. Ba saurayinki ba ne wannan?"

"Ja can, marar kunya," na ce, amma na matso.

Shi ne, baƙon nan. Kansa ya yi fari fat, bayansa ya rusuna. Ta ce ya bar talabijin tun sunansa na tashe, ya koma yawon kiɗa gari gari. Ga shi a gaban mutanen da ban taɓa ganin yawansu ba ko a filin Idi. Aka kawo masa ɗan kaskon wuta. Tsohon ya tsuguna, ya riƙe garayarmu nesa da garwashi, yana juyawa yana ƙwanƙwasawa, daidai yadda nake yi, ko kuskure babu. Duk taron nan ya yi tsit yana jiran fata ta farka.

Sai aka saki wata murya ta lasifika. Tari ya fara yi, tarin nan na maigidana.

"Ke, ta farka kuwa?"

Wata mace mai kaifin baki ta amsa, "Ka yi haƙuri mana, Malam. In ta fashe ni za ka zarga."

Waƙar hanya ta biyo baya, tsohon yana bin ta da kiɗa, idonsa a rufe. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Mutumin da sarakunan duniya za su so gaisawa da shi, wuni guda ya yi a bakin murhuna, ya riƙe har yadda nake juya hannu. Da garayar ta zauna a ɗakina, da gara ta cinye ta, muryar kuma ta bi mai ita.

Yanzu duk zuwan jikata sai ta kunna mini farkon. Ya yi tari, ya tambaya ko ta farka. Nakan riga waccan matar amsa masa.