Karce Na Takwas

Ni ban yi boko ba, ban san lissafin shekara irin naku na kalanda ba, amma ku tambayi duk wani tsoho na Illela shekarar da anka rufe iyaka, anka canja launin kuɗi mutane na ta gudu da tsoffin takardu a buhu, damina kuma ta yi gardama har mutanen Darna sunka fara saida awaki, zai gaya muku. To a wannan shekara abin ga ya faru da ni. Faɗi nake ana rubutawa, kuma wallahi tallahi ban ƙara ko gishiri ba, ni da ke jiran kira mi zan yi da ƙarya?

Abin da ya tuna min, kwanan baya na iske jikokina sun baje faya-fayan nan nasu masu walƙiya, na kallo da na wasa, suna goga musu man goge baki wai sun karce. Na karɓa na shafa, na ce da'ira kuke gogawa, ai daga rami ake farawa a ja zuwa baki. Sunka yi ta dariya wai Kaka ta san faifai. Na ce tun ubanninku ba su san hanyar rijiya ba nake wannan aiki.

Maigidana, Allah ya jiƙan shi, Mai Garmaho ake ce mishi, yana da rumfa a bakin kasuwa yana gyaran rediyo da garmaho. Lokacin kaset ta fara shigowa, amma masu tsoffin faya-fayai baƙaƙen nan ba su yarda sun rabu da su ba, in faifai ya karce allura ta dinga tsalle ko ta tsaya tana maimaita kalma ɗaya, sai su kawo mishi. Duk garin an ɗauka shi ke gyarawa. Ba shi ba ne, ni ce. Hannunshi kauri gare shi kamar na mahauci. Gida yake kawo min, in wanke da ruwan sabulu, in shanya a inuwa don rana lanƙwasa shi take, sannan in bi da babban yatsa har in ji inda ciwon yake. Sai in fiƙe ƙayar aduwa, in bi hanyar allura layi ɗaya bayan ɗaya ina buɗe inda karcen ya toshe, in shafa ɗan kakin zuma, a ɗora kwabo a kan allura don ta yi nauyi. Faifan da na taɓa bai sake tsalle. Ba yabon kai ba ne, daga Gidan Katta har tsallaken iyaka babu mai irin hannuna, amma mu biyu kaɗai munka sani, ko ƙawata Ige mai fura da ke zama a ƙofar zaurenmu ba ta sani ba.

A lokacin ɗiyata ta fari tana gida, ta zo goyon ciki. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san ɗiyar fari ce, Yarinya nake ce mata har yau da take da jikoki. Cikin ya ba ta wahala, ƙafafu sun kumbura, ba ta cin kirki, ni kuma kunya ba ta bari in nuna damuwa a gaban mutane, sai dai in leƙa ta ta gefen ido in wuce.

Ran wata Talata da hantsi, na gama shara ke nan, ina zaune ina tsince gero, sai na ji sallama a tsakar gida, ba daga zaure ba. Na ɗaga kai, mace ce doguwa, ba yarinya ba ba tsohuwa ba, ta yi lulluɓi da baƙin zane irin na mutanen tsallake. Na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba. Na kawo ruwa, ta karɓa ta aje.

Ta ce, "Ke ce mai gyaran faifai."

Na ce, "Mai gyara yana kasuwa, baiwar Allah, kin wuce rumfar."

Ta ce, "Shi mai karɓa ne. Mai ƙayar aduwa nike nema."

Ba aljani na fara kawowa a raina ba, ku ji da kyau. A lokacin an rufe iyaka, allurai da batir da maigida ke aiki da su duk ta hanyar daji suke shigowa daga Konni, kuma ana ta faɗin akwai mata da ake turowa gidaje su leƙa su kai rahoto. Na ce wagga 'yar leƙen asiri ce. Na ce mata, "Wa ya aiko ki? Ɗiyar wa ce ke a garin ga?" Sai ta kwance wani ƙyalle ta miƙo min faifai, ta ce ran Juma'a za ta dawo, ta juya. Na ɗan duba faifan, kafin in ɗaga kai babu ta.

Na fita zaure na ce, "Ige, wace ce wagga da ta fita?"

Ige tana fasa goro da haƙora, don ita Allah ya ba ta haƙora, farare jere da wushirya, ƙwallon goriba take fasawa don ta ba yara mamaki. Ta ce, "Wa? Tun safe ko akuya ba ta gitta ni ba. Ko dai kin fara gane-gane ne don za ki zama kaka?"

Na ce, "Ke dai barci kike a zaune, furar ma ƙuda sun shanye."

Na koma ciki. Sharar da na yi tana nan da zanen tsintsiya, sawuna na gani, zuwa da dawowa, na kaza na gani. Daga zaure zuwa inda matar ta tsaya babu sawun kowa. Na ce ƙila ta gefen bango ta bi. Mutum in bai son ganin abu yana da dabara.

Faifan kuwa, an kankare takardar tsakiyar, ba suna ba hoto. Na bi shi da yatsa. Karcen tsautsayi na san shi, yawo yake yi, ya fara da ƙarfi ya ƙare siriri. Wanga ba haka yake ba, a miƙe yake, mai zurfi, kusa da ƙarshen faifan, wanda ya yi shi da ƙusa ya yi kuma ya danna. A gefenshi na ji wasu guda shida, duk a wuri ɗaya, an yi su an kuma gyara, kuma ba hannu ɗaya ba ne, wani da wuƙa, wani ma bahago ne. Shida gyararru, ɗaya buɗe, bakwai ke nan.

Da maigida ya dawo na nuna mishi. Ya juya shi, ya juya, ya ce, "Wanda ya yi wanga da gayya ya yi. Kar ki taɓa, in ta zo ki ba ta abinta. Mutumin da ya san sirrin gidanka bai faɗi sunanshi ba, ba alheri ya kawo shi ba."

Na ce to. Amma abin da ya tsaya min, gyaran nan shida. Na yi ta shafa su ina jin aikin, wani ya cika kaki, wani ya fasa layi biyu ya haɗe. Na ce ashe akwai masu taɓa wannan aiki, kuma ga iyakar hannunsu? Girman kai, ba komi ba. Ran Laraba da Alhamis, yana fita kasuwa ina ɗauko ƙaya. Na buɗe na bakwai, har na bi shidan nan na gyara musu kuskurensu.

Ran Juma'a da hantsi na ɗauko garmahon gwaji na aje a inuwar ɗaki, na ɗora kwabo, na saki allura. Yarinya tana ciki kwance. Waƙa ce ta mata da kiɗan ƙwarya, ban san mai waƙar ba, ba ta da wani daɗi ma. Allura ta zo wurin ciwon ta wuce sumul, ko ɗan ƙis ban ji ba, har na yi murmushi.

Sai kiɗan ya tsaya. Faifan na juyawa, sai na ji kukan kyaure. Jama'a, kyauren zaurenmu ne, na langa-langa, yana da wani kuka biyu da yake yi, na san shi kamar tarin maigidana. Na waiga, kyauren yana rufe. Sai na ji takun mutane da yawa, da shessheƙar mata, irin ta gidan da anka yi rashi. Sai muryar wata yarinya da ban taɓa ji ba, siririya mai ɗan kaushi a ƙarshe, ta ce, "An kawo ruwan, a shigo da shi?" Sai muryar Ige. Ita ce, ko cikin kasuwar Lahadi zan fidda muryar Ige, amma ta tsufa, kuma bakin babu haƙori ko ɗaya, maganar tana fita da iska. Ta ce, "Sai haƙuri, sai haƙuri. Allah ya jiƙan..."

Na fizge allurar.

Ban san sanda hannuna ya kai ba. Abin da na sani, a cikin ɗakin nan akwai mai ciki wata tara da kumburarrun ƙafafu, kuma na rantse ba zan zauna in ji an kira sunan da ni kaina ban taɓa kira ba. Na zare ƙusar da muke rataya matankaɗi, na ɗora a kan aikin da na kwana biyu ina yi, na danna na ja. Sai da na ja na ga inda nawa ya kwanta, daidai gefen bakwai ɗin nan, a miƙe, mai zurfi. Ashe su ma ba mugunta ta sa su ba.

Maza na tafiya masallaci sai ga sallama a tsakar gida. Matar ce, na miƙa mata faifan ban tashi ba. Ta bi shi da yatsa yadda nake yi, ta ce, "Takwas. Ke ma kin ɗaga allura."

Na ce, "Wa ya rasu?"

Ta ce, "Ai ke kika rufe, ni za ki tambaya? Duk haka kuke, ga hannu, babu zuciya."

Tsoro bai hana ni jin haushi ba. Na ce, "Hannun dai kin gan shi, ko ƙis bai yi ba. Ki kwashi tsiyarki ki fita min gida, kuma in kin isa ki biyo ta zaure Ige ta gan ki."

Ta yi 'yar dariya, ta naɗe faifan a ƙyalle, ta ce an gaya mata akwai wani mai hannu wajen Tozai. Na sunkuya in ɗauki ƙusar da ta faɗi, na ɗago, ni kaɗai ce da kaji.

Kwana huɗu bayan nan Yarinya ta hau gwiwa. Abin da na ji a ranar Allah kaɗai ya sani, ina daga madafi ina hura wutar da ta riga ta kama, duk kukan kyaure sai in waiga. Ta sauka lafiya, namiji, anka sa mishi Bello. Ban sake taɓa faifan kowa ba, na ce wa maigida idona ya yi rauni, bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa mishi ba har ya koma ga Allah. Ranar da ya rasu, ina cikin kuka ina kasa kunne, Allah ya yafe min. Ige ta zo ta ce sai haƙuri, da haƙoranta reras. Na ce ba wannan ba ce.

Shekaru sunka wuce har na fara cewa ƙila zafin rana ne ya taɓa ni. Sai Bello, jaririn nan, ya girma a hannuna ya yi aure a gidan nan, anka kawo amarya daga Gidan Katta, Saratu, yarinyar kirki. Da safe ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, "Kaka, an kawo ruwan, a shigo da shi?" Siririyar murya mai ɗan kaushi a ƙarshe. Ranar da na ji ta a faifai, ko uwarta ba a yi wa aure ba. Na ce ta shigo da shi, na sa mata albarka. Sai da ta fita na zauna na sake bin abin da na ji tun daga kukan kyaure, murya bayan murya, kuma a duk matan da ke kuka a gidan nan nawa, ban ji tawa ba.

Ban san ko wace ce matar ba, ban san ko na Tozai ya ɗaga ko ya bari ya ji ba, kuma ban nemi sani ba. Abin da zan ce muku, ku masu gyaran faya-fayai na yanzu, in an kawo muku abu ku fara duba ciwon kafin ku nuna gwaninta. Wanda tsautsayi ya yi, ku gyara. Wanda kunka ga a miƙe yake, an danna, to wani ne ya rufe ƙofa da hannunshi, ku mayar wa mai shi.

Cikin namu da sunka ga wancan lokaci, maigida ya tafi, masu rumfunan kusa da shi duk sun tafi. Saura ni, da Yarinya, da Ige. Kyauren yana nan, Bello ya so ya canja na hana, don gara in san kukanshi. Ige kuwa haƙori ɗaya ya rage mata, na sama, gefen inda wushiryar take. Kullum da safe sai ta dogara sanda ta shigo, kuma kafin in amsa gaisuwa bakinta nake dubawa. Na hana ta rake, goro ma ni ke daka mata shi a ɗan turmi. Tana ta gaya wa mutane wai duk Illela babu mai ƙawa irin tata. Jiya ta ce min ya fara motsi.