Simintin da Baba Ya Bari Ya Kwana

Wata safiyar Alhamis ce a bazarar 1978, shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Maradun zuwa wani tudu da hukuma ta nuna mana. Mun fito daga sallar asuba ni da mahaifina, Mani Magini, yana gaba da galma a kafaɗa, ina biye ina ɗingishi saboda tafin ƙafata ya kwana yana zogi. Muka shiga gidan Malam Labbo, limaminmu, inda muka kwaɓa siminti jiya da la'asar muka rufe shi da tsohuwar tabarma. Baba ya yi bismillah ya yaye tabarmar, ya ɗaga galma ya sara kamar yadda ya saba sarar kwaɓin ƙasa. Galmar ta yi ƙara ta dawo masa, ɗan ɓarɓashi kawai ya tashi. Ya sake sarawa, ya sake. Daga nan ya tsuguna ya dafa abin da tafin hannu. Sawun ƙafata da nasa suna nan a kai raɗau, amma kwaɓin ya zama dutse. Ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, kuma ranar na fara ganin tsoro a fuskar Baba.

Gidanmu gidan magina ne tun kaka da kakanni, kuma a zamaninsa babu wanda ake kira a ƙauyukan bakin gulbi kamar Baba. Har Bakura an taɓa ɗaukarsa ya yi soro. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da shanu, sunansa shi ne jarinsa, kuma da shi muke ci. Aikinsa yana da ƙa'ida guda wadda na haddace tun kafin in haddace Fatiha. Idan aka haƙo jar ƙasa, sai a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a tattake ta da ƙafa, a rufe a bar ta ta tsima. Washegari a ƙara ruwa a sake takawa, haka har sai ta yi danƙo tana kama ƙafa. Ya kan ce, "Kwaɓin da bai kwana ba, ba gini ba ne." Yaron da ya yi gaggawar mulmula tubali da ɗanyen kwaɓi kuwa, kunnensa ne zai gaya masa. Takawa ita ce aikina, kuma ina son ta fiye da duk wani aikin gida, domin wasa ne da ake yaba wa yaro a kansa. Abin da ya maƙale mini a ƙafa da shi nake ƙera shanu da raƙuma, daga baya kuma katafila da tifa irin waɗanda muke gani suna ta kai da komo a hanyar dam.

Tashin da aka yi mana ya yi wa kowa ciwo. Mun baro fadamar da muke shinkafa da albasa da rake, da gulbin da muke wanka muna kamun tarwaɗa, muka dawo kan tsakuwa inda ko inuwar kirki babu. Ruwa sai mun kora jaki mun yi tafiya kafin mu cika tulu. Da hantsi mu je firamare a wata rumfar kwano, da yamma mu ɗauki allo, tsakanin nan kuma ga itace, ga ciyawar awaki, ga langa idan an samu sarari. Manya suna ta zaman shawara a kan gonakin da suka tafi, mu yara ba a sa mu a ciki. Sai dai ga magini, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Gari guda ne yake kwana a bukkokin zana, kowa yana son ɗaki kafin damina. Tun da sassafe za ka ga mutane a ƙofar gidanmu ana ta doguwar gaisuwa, kowa yana jiran a kai ƙarshenta ya roƙi a fara da nasa.

Da na Malam Labbo aka fara, saboda littattafansa. Ya gaji tarin littattafai rubutun hannu a cikin gafakokin fata, kuma tun da muka sauka tudun nan gara take neman su. Baba ya tayar masa da ɗakin tubali. Ana cikin haka wani tsohon ɗalibin Malam, wanda ya zama direban tifa a wurin aikin dam, ya sayo masa 'yan buhunan siminti daga Talata Mafara, ya ce a yi daɓe da yaɓe da shi don gara ta rasa ƙofa. Abin da ya gaya wa Baba bai wuce a gauraya da yashi a zuba ruwa ba, ya hau motarsa ya tafi. Baba ya sha ganin ginin siminti a ranar kasuwa, amma bai taɓa sa hannu a cikinsa ba. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma mahaifina mutum ne da ake tambaya, bai saba da tambayar kowa ba, balle direba. Ya farke buhunan gaba ɗaya a kan yashi, muka zuba ruwa, muka shiga da ƙafa muna takawa. Na ce masa yana cizon ƙafa, ya ce alamar ƙarfi ke nan. Da ya ga ya yi laushi yadda yake so, sai ya rufe ya ce a bar shi ya kwana, tunda aikin Malam ne ba a yi masa ha'inci.

Da ya ga abin da ya faru da safe, sai ya yi abin da kowane magini zai yi wa kwaɓin da ya bushe, ya ce a jiƙa shi. Nan wahalata ta fara. Inna ta shafa mini man kaɗanya a ƙafa, domin fatar ta fara saɓulewa, ta ɗaure da tsumma, na kora jaki. Na yi kwanaki ina jigilar ruwa safe da yamma, a garin da ake rowar ruwan sha, Baba yana kwarara wa dutsen nan yana rufewa da tabarma. Kullum da safe ya gwada da galma, kullum abin ƙara tauri yake yi. Daga ƙarshe ko ɓarɓashin ya daina tashi. Malam Labbo ne ya fito daga zaure ya tsayar da mu.

"Mani, ƙyale shi hakanan," in ji shi. "Ba laihinka na ba, ni ma ban sani ba. Ka yi muna irin wanda kas sani."

Baba ya yi masa irin wanda ya sani. Ya yi daɓe da tsakuwa, ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya yi yaɓe da ruwanta har bangon yana sheƙi, aka shigar da littattafai kafin ruwan farko. Ɗakin bai yi yoyo ba, gara kuma ba ta shiga ba. Amma ba wannan gari ya gani ba. Abin da ya gani shi ne dutsen da ke kwance a tsakar gidan liman, wanda duk mai zuwa gaisuwa sai ya kewaye shi. Yara suka raɗa masa suna Dutsen Mani, suka mai da shi wurin sha a wasan langa. Mace ta dama kunu ya yi kauri, sai a ce ko ta bari ya kwana ne. Na fasa wa wani yaro baki a makaranta saboda wannan magana, na sha bulala a can, na dawo gida na sha wata. Har yau ban yi nadamar dukan yaron nan ba.

Masu zuwa ƙofar gidanmu suka fara raguwa. Ba wanda ya zo ya ce ya fasa, sai dai ka ga an sauke bulo a filin mutum, wani saurayin birkila daga Talata Mafara yana ja masa igiya. Wanda ma ba shi da halin bulo sai ya kira wani magini, wai hannun Mani ya tsufa. Daga wannan shekara ba a sake kiran Baba ginin ɗaki ba sai rumbu, shi ma don hatsi ya fi zama lafiya a cikin ƙasa. Tuwon gidanmu ya ragu, na gani a kwano. Da na gama firamare na ɗauka zan bi shi in gaji galma, sai ya ce sana'ar da ba a kiran mai ita ba abin bar wa ɗa ba ce. Ya sa aka rubuta sunana cikin masu tafiya sakandare, ya raka ni tasha da kansa. Na yi kuka a mota, don ni gini nake so.

Sai da na shiga jami'a ina karatun injiniya na ji bayanin abin a aji. Siminti ba bushewa yake yi ba. Ruwan da aka zuba masa shi yake shiga jikinsa ya zama wasu 'yan ƙananan tsinke da ke sarƙe juna, kuma muddin ana ba shi ruwa ƙara sarƙewa yake yi. Wato duk jigilar da na yi da jaki, ƙarfi muke ƙara masa. Da na zo hutu na tarar da Baba a gindin wani rumbu yana ɗora kwaɓi. Na tsuguna na gaishe shi, na tambayi gajiya da gida, sannan na kwashe bayanin nan kaf na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe bai tsayar da hannunsa ba.

"To in yak kama, ana iya jiƙa shi a sake kwaɓawa?" ya tambaye ni.

Na ce, "A'a Baba, in yak kama shi ke nan."

Ya gyaɗa kai. "Ashe wanga abu ba shi yahewa. Ƙasa kau, ko sau nawa kaɓ ɓata ta, in kaz zuba mata ruwa ta yahe maka."

Yanzu na tsufa a jami'a, ina bincike a kan ƙarafa da sabbin hanyoyin ƙira. A ɗakin gwajinmu akwai injin da ke shimfiɗa garin ƙarfe ya narkar da shi da haske, hawa kan hawa, har ya fitar da kayan inji yadda aka zana a kwamfuta. Baba bai ga wannan ba, ya rasu ina ƙasar waje wurin ƙarin karatu. Tsohon ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwa, sorayen da ya gina sun koma laka, sabon garin kuma sai in daɗe ban je ba saboda hanya ba ta da tabbas. Kusan kowane mako wani ɗalibina yakan zo da abin da ya lalace a hannunsa, ya tsage ko ya karkace, yana sunkuyar da kai. Mukan yanka shi mu duba cikinsa, mu gano inda aka kuskure, in ce ya je ya sake. Wasu ma da irin wannan ɓarnar suke samun digiri. Duk ranar da na ce wa ɗalibi ya sake, sai kewar Baba ta kama ni. Shi sau ɗaya ya yi kuskure, kuma ba a ce masa ya sake ba.