Rijiyar Ɗumi ta Baba Mwadkon

Shekara ashirin da biyu Baba Mwadkon ya yi yana huda ƙasa a kamfanin kuza a Rayfield. Da kasuwar kuza ta mutu aka sallame su, ya koma Anguwan Rukuba yana gyaran famfo. Sai dai bai rabu da wata tsohuwar rijiyar burtsatse da ya haƙa a bayan duwatsu ba, wadda ruwanta ke fitowa da ɗumi. Kullum da safe yakan zura igiya mai ƙulli-ƙulli ya auna ruwan, ya rubuta a littafi.

Washegarin Kirsimetin 2004, kafin ya tafi coci, ya tarar ruwan ya hau kamu guda, ya gurɓace, yana kumfa. Ya dafa bututun ƙarfen, ya ji yana karkarwa kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya sake. Da yamma rediyo ta ce an yi babbar girgizar ƙasa a Indonesiya.

Ya ɗauki littafinsa ya nufi wani ofishin binciken ma'adinai. Jami'in da ya saurare shi ya yi dariya.

"Baba, ka san nisan Indonesiya kuwa?"

"Ban sani ba, oga. Amma rijiyata na san ta."

Sau huɗu yana komawa ana sallamarsa. Abin ya yi masa ciwo, bai kuwa daina ba. Ya sayi agogon hannu, ya ɗora kwanon ruwa a kan murfin rijiyar, ya riƙa zuwa safe da yamma. Ranar Litinin bayan Ista, wajen ƙarfe shida saura, ruwan kwanon ya fara rawa babu iska. Ya rubuta lokacin. Kashegari aka ce ƙasa ta sake girgiza a can.

Wannan karon wata malamar jami'a, Dakta Kubra Jika, ya kai wa littafin. Ta daɗe tana duba shafukan.

"Baba, ba ka yi kuskure ba," in ji ta. "Girgizar nesa tana ratsa ƙasa. Idan ta iso inda ruwan zafi ke matse cikin tsagar dutse, sai ta motsa shi, dutsen ya yi tasa 'yar girgizar."

Ta kawo na'urar awon girgizar ƙasa ta kafa, ta koya masa sauya batir. Shi ya kula da na'urar har 2009, lokacin da gwiwa ta hana shi hawan duwatsun. A rahoton da Dakta Kubra ta rubuta, sunansa na nan kusa da nata.