Ƙayar Kifin Goronyo

Mun tashi da asuba daga Rabah, ni da ƙanena, don an bugo waya cewa Kawu ko ruwa ba ya iya haɗiya. Direba ya ƙi motsawa sai da gari ya waye sosai, saboda 'yan bindiga. Ba wanda ya yi masa musu.

A Wurno aka cusa mana buhunan albasa har kan gwiwa. Mun sha hawaye tun ba mu ga abin kuka ba.

Kawu masunci ne a dam ɗin Goronyo, kifin da ya ci a duniya ya fi ƙarfin lissafi. Mun same shi kwance, jiki zafi rau, yana dafe ƙirji. Ƙayar karfasa ce ta maƙale masa. Matarsa, da muke kira Inna, ta ce, "Loma nib ba shi manya-manya, ta tuwon dawa, don ta tura ta. Hakanga muka yi tun kakanni."

Muka ɗauke shi sai asibiti a Sakkwato. Kowane rami mota ta faɗa, sai ya damƙe mini hannu. Tsoro ya kama ni.

Likitar ta duba hoto, ta ja ni gefe. Ta ce hanyar abinci ninki biyu take, kamar riga da shafinta. Na ciki mai santsi ne, a tattare yake, yana buɗewa idan loma ta zo. Na waje tsoka ce mai matsa abinci ƙasa. Dukansu suna jure miƙewa, amma ba sa jure tsini. Da farko na ciki kawai ƙayar ta soka. Da tsokar ta matse lomar nan, sai ƙayar ta huda duka biyun, abinci ya zuba cikin ƙirji.

Kawu bai kai la'asar ba.

Da muka mayar da shi Goronyo, Inna ta tambaye ni, "Mi likita tac ce?" Na ce kwana ne ya ƙare. Na ɓoye mata zancen lomar.

Ranar da za mu koma Rabah aka kawo tuwo da miyar kifi. Ƙanena ya shaƙe, yana nuna wuya. Kafin in ɗago, Inna ta riga ta mulmula loma. Na riƙe hannunta gam.

"Inna, aje ta."

Ta dube ni, ta dubi lomar. Sai ta zauna a ƙasa.

Tari ya fito da ƙayar. Mun iso gida da magariba, kuma abin da na koyo shi ne shiruna na farko ba tausayi ba ne. Saura kaɗan ya ci mini ƙane.