Majanyina da Gangar Anaruwa

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a daminar da na cika shekara bakwai, Turawa na kan mulki, mahaifina ya fizge majanyina daga hannuna ya sa haƙori ya keta shi gida biyu. Ina tsugune a gefen tabarmarsa a ƙofar ɗaki, ina kore masa ƙuda daga ƙafa. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, Inna na gindin murhu tana fama da ɗanyen ice. Sai iska ta kawo wani sauti daga gabas, ƙasa-ƙasa, ni ban ma tantance ganga ce ko sauran tsawa ba. Shi kuwa ya tantance. Na ga tsikar jikinsa ta tashi. Mutumin da ya fi wata ko bayan gida sai an riƙa shi, sai ga shi ya miƙe zaune. Ya duba dama ya duba hagu yana neman abin ɗaure ƙafa, bai ga kowane tsumma ba sai wanda ke hannuna. Har yau in na ji tela ya keta yadi a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Sai wanda ya san ni a lokacin zai gane girman abin da Baba ya yi. Majanyin nan baƙin saƙi ne mai farin layi, da shi Inna ta goya ni. Da aka kai ni yaye gidan kakata a Kusada, na hana unguwa sakat da kuka, har sai da aka tashi mutum ya komo ƙauyenmu kusa da Yashe ya ɗauko shi. Tun daga nan ba mu rabu ba. Yana ƙamshin hayaƙi da man shanu da wani abu da ban san sunansa ba, wanda dai na san na Inna ne. In zan yi barci sai na tsotsi gezar bakinsa. Ƙawayena suna goya 'yar tsanar kara da nasu tsumma, ni kuwa majanyin ne ɗana. In za mu tafki ɗebo ruwa kowa ta naɗa gammo, ni na gwammace tulu ya ci mini tsakar kai da in ɗora shi a kansa. Wanki kuwa sai Inna ta lallaɓa ta sace shi, in yini a gindin igiyar shanya ina gadi ina kumburi. Yara suka sa mini suna Asabe Goyon Kanta, manya ma suka kama.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini dariya ba, shi ne Baba. In ya ji ana tsokanata sai ya ce, "Ku bar mani ɗiyata, naku ta ɗauka?" Wata ranar kasuwa da muka dawo daga Kankia a kan jaki, barci ya kwashe ni, majanyin ya zame ban sani ba. Sai a ƙofar gida na farga, na faɗi ina birgima. Baba bai ko sha ruwa ba ya juya da ƙafa. Can bakin babbar hanya ya tsinto shi, motar gyaɗa ta bi ta kansa, ya kakkaɓe ya kawo mini. To, wannan mutumin ne ya keta shi a gabana bai ko dubi fuskata ba.

Wanda ya jawo mini wannan kuwa sunansa Anaruwa, makaɗin noma ne daga wajen Tafashiya. A zamanin, in aka yi gayya, wato samari suka taru su nome gonar mutum ɗaya, makaɗi ke bin su a baya da ganga. Kowane gwanin noma yana da takensa, kiɗan da in aka yi shi kowa ya san da wa ake. Baba, Tunau mai garma, nasa taken Anaruwa ne ya yi masa tun yana saurayi. Son da Baba yake wa mutumin nan ya wuce misali. Yana wasa garma yana rera waƙarsa, yana gyaran danga yana rera ta, har alwala sai Inna ta yi gyaran murya kafin ya bari. In aka yi girbi, damin farko na Anaruwa ne. Ni kuwa ko sunansa ba na so a ambata. Gajere ne, ga jajayen haƙora saboda goro, ga murya kamar ana jan tukunya a kan daɓe. Amma ba muninsa ne laifinsa a wurina ba. Laifinsa shi ne yana mayar mini da uba wani mutum dabam. In ya kaɗa taken, sai Baba ya tsuma, idonsa ya yi ja, ya kama kunyar noma yana tafiya ƙasa na tashi a bayansa. Akwai ranar da na kai masa fura a wurin gayya, na tsaya a gabansa ina cewa Baba, Baba, ya dube ni ya wuce bai gane ni ba. Tun ranar, da na ji gangar nan sai in lulluɓe kaina da majanyi in toshe kunne.

A waccan daminar kurkunu ya kama Baba. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kada ya sa su san shi. Tsutsa ce doguwa fara kamar zare, takan huda fata ta leƙo, sai a naɗe kanta a jikin tsinke, kullum a murɗa kaɗan har ta fito duka. Ba mu san daga ruwan tafki take ba, cewa ake yi lokacinta ne ya yi. Ta Baba a gefen gwiwa ta fito, a daidai noman farko. Wanzamin da ke murɗa masa ya ja kunnen kowa: kada ya taka ƙafar da ƙarfi, in ta tsinke a ciki, ƙafa sai abin da Allah ya yi. Baba yana kwance, ciyayi irin su harƙiya da kiri-kiri suna shanye mana gero.

Anaruwa ne da kansa ya bi gida-gida ya tara samari. Da Inna ta ji, sai ta leƙa ta bayan danga ta ce masa, "Ka yi wa Allah, ka kaɗa taken kowa, ban da na mai gidanga. Ka san shi, ba shi jin shi ya zamna." Ya amsa mata da to. Ya ma zaɓi babbar gonarmu ta jigawa, wadda ke da nisa da gida. Amma a wurin makaɗa, abin kunya ne a nome gonar mutum ba a kaɗa takensa a cikinta ba, kamar an yi masa zaman makoki ne yana raye. Da aiki ya yi nisa, Anaruwa ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da ƙauye, ya ce a ransa ba mai ji, ya saki taken Baba. Ya manta an kwana ana ruwa, iska kuma ta juyo wajenmu.

Baba ya ɗaure rabin majanyina a kan tsinken, ya rarumi garma ya fita. Inna ta saki muciya ta kama rigarsa tana salati, ya fizge. Ni ko kuka ban yi ba, baki kawai na saki. Sai na ga ƙafafuna suna bin sa, ɗaya rabin a hannuna. Yana ɗingishi, amma ban iya cim masa ba. Da ya faɗo gonar, Anaruwa ne ya fara hango shi. Na ga makaɗin gangar, wato sandan kiɗan, ya tsaya cak a sama, bai sauko ba. Samari suka ɗago ɗaya bayan ɗaya. Baba bai dubi kowa ba, ya duƙa ya kama kunya, ba kiɗa ba komai, sai ƙarar garmarsa. Bai kai rabinta ba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya kife a kan gero. Baƙin saƙin ya jiƙe sharkaf, farin layin ya koma ja.

Anaruwa ne ya goyo shi har gida, gajeren mutum da ƙaton mutum a baya, ƙafafun Baba suna jan ƙasa. Da ya sauke shi, ya fito ƙofar gida inda mutane suka taru, ya zaro wuƙa. Mata suka yi ihu, an ɗauka kansa zai yi wa lahani. Gangarsa ya jawo, ya farke fatar ta wannan gefe, ya juya ya farke ta wancan. Ya ce, "Ku shaida, hannuna ba shi ƙara taɓa hwata." Tsofaffi suka riƙe baki, don gangar ta ubansa ce. Ni kuwa na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ashe tsutsar ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura suntum. Wanzami ya yi sakiya da jan ƙarfe, aka kore mu waje amma muna jiyo ƙaurin. Daga baya aka ɗora shi a jaki zuwa ɗakin shan magani a Kankia. Allah ya sa ba a yanke ta ba, sai dai gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasawa ba. Rabin majanyin da ya ɗaura, ƙona shi aka yi. Geron kuwa ya yi kyau a shekarar, rumbu ya cika, amma mai rumbun ya daina magana. Ciwo ya warke, Baba yana ta ramewa. A ajiye masa tuwo, a zo a ɗauke ya yi fata. Ba waƙa, ba tsokana. Na kai masa guntun majanyina na ɗora a cinyarsa, ko don ya tuna ya ba ni haƙuri, ya dube shi kawai ya kau da kai. A nan tsoro ya kama ni na gaske, don na ga mutumin da bai gane ni ba a gona ya dawo gida ya zauna.

Anaruwa bai daina zuwa ba. Yakan zo ya zauna a zaure kusa da Baba, su yini ba mai ce wa wani uffan. Tun kafin girbi, har garmar Baba ya ɗauka ya ce zai yi mana maimai, ya sare gero fiye da ciyawa, sai da Inna ta aika a roƙe shi ya bari. Wata rana da la'asar na kawo musu ruwa, sai na ji muryar Baba, ta dushe saboda rashin amfani. Ya ce, "Anaruwa, ƙahwa kurkunu ya ci, ban ga laihin kowa ba. Amma kunnena hwa? Wa ya ce ka kashe mani shi?" Anaruwa ya sunkuyar da kai ya ce ya riga ya rantse.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ɗaure mini kai. Inna, wadda ta ce ko inuwar mutumin nan ba ta son gani, ashe tana bayan ƙofa tana ji. Sai ga hannunta ya turo babbar ƙwaryar da take tankaɗe a ciki, ta ce, "Wagga dai ba hwata ba ce." Anaruwa ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya kife ta, ya taɓa da yatsu, sai ta kama ƙaras-ƙaras tana zamewa a kan daɓe. Ya gyara ya sake, ta sake zamewa. Na ga ɗan hasken da ya taso a idon Baba yana komawa. Ba wanda ya ce da ni komai, ba wanda ma ya dube ni. Na kwance guntun majanyina daga ƙugu na shimfiɗa, na ja ƙwaryar na ɗora a kai.

Sautin ya fito a hankali, mai taushi, ko tsakar gida bai kai ba. Anaruwa ya sassauta murya, sai a ranar na ji abin da yake faɗa a cikin waƙar da na yi shekaru ina toshe wa kunne. Ashe sunan kakana yake kira, da tsamiyar da ke bakin gonarmu, da shekarar da Baba ya ciyar da maƙwabta daga rumbunsa, har da furar Inna. Ashe duk ihun nan labarin gidanmu ne. Can ya ɗago ya dube ni da jajayen haƙoransa ya ƙara, "Tunau uban Asabe, mai majanyi ta ba da rabi, ta ƙara da rabi." Na dubi ƙafar Baba mai ciwon, sai na ga babban yatsan yana motsi, yana bin kiɗa. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Asabe, tuwon nan na ɗazu shina nan?" Na ruga da gudu har na yi tuntuɓe da turmi.

Ƙwaryar da majanyin a zaure suka zauna daga ranar, kayan Anaruwa ne. Kafin kaka ta ƙare na haddace waƙar, in na hango gajeren mutumin nan tafe a kan hanya ni ke rugawa in karɓi sandarsa. Baba bai ƙara noma ba, igiya da faifai ya koma saƙawa, yana yi yana rerawa.

Yanzu fanfo ya zo, kurkunu ya tafi, ciyawa ma feshi ake mata, ba mai neman makaɗi. Jikokina suna da waƙoƙi cike da waya, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryar Anaruwa a cikin komai. Daga shi har Baba har Inna ƙasa ta rufe su, taken Tunau a kaina kaɗai ya rage. In barci ya ƙi zuwa, sai in ji yatsuna suna kaɗa shi a kan katakon gado, yaran su yi ta dariya suna cewa tsohuwa ta fara. Ina ƙyale su. Ba su san majanyina nake tsotsa ba.