Dokta Mulikat da Totuwar Masarata

Kai mai karanta wannan, ka kama bakinka a kan mutumin da ba ka san aikinsa ba. Ni na saki nawa, kuma wadda na yi wa tana kabari ban nemi gafararta ba.

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran Dokta Mulikat Adebimpe Oyewole a nan Ogbomoso, bayan jinyar kwana huɗu. 'Yata Rofiat, ɗalibarta, ita ta shigo da labarin. Ta zauna a ƙasa ko gaishe ni ba ta yi ba.

Dokta, shekara shida ke nan da kika tsaya a rumfar da nake ɓare masarar kamu, kika roƙi totuwa. Kowa ya san nufin baƙuwar da ta nemi ragowar sana'ar mutum: boka za ta kai wa a janye masu saye. Na ɗaga tsintsiya.

"Ke mai farar riga, je ki gaya wa bokanki Iya Rofiat idonta biyu."

Kika yi dariya, kika durƙusa mini kamar 'yar da na haifa. "Iya, bokan nawa yana jami'a. Zo ki gan shi, amma ki ɗaura ɗankwali mai kyau, yana son kwalliya."

Na je ne don in kama ki. Kika niƙa totuwar ta zama gari, kika zuba ruwa, kika ɗebo wani gishiri mai launin tsatsa a bakin cokali. Kika ce gishirin ƙarfe ne, in na lasa babu ruwanki. Aka rufe a wata 'yar tukunyar ƙarfe, aka ba ta zafi. Bayan la'asar sai ga wani ruwa mai launin zuma yana ɗiga cikin kwalba. Kika ce da shi ake haɗa gam mai ƙarfi, da shi ake tace man inji. Totuwar da nake hura wuta da ita. Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne gishirin: ya yi aikin, bai ƙare ba. Kika tace shi, kika mayar, ya sake yi. Na yi sakandare, ina ganin na san duniya, amma ranar tsayawa na yi ina tasbihi ga wanda Ya ɓoye wannan a cikin shara.

A lokacin Rofiat tana aji biyu a jami'ar, ta faɗi jarrabawa, tana shirin bari. Kika ja ta a jiki. Idan ta ɓata gwaji sai ki ce, "Madalla, yau mun san hanya ɗaya da ba ta ɓullewa." Ni da na haife ta ban taɓa yi mata magana mai laushi haka ba.

Kin tafi kin bar gwajin ɓawon rogo a tsakiya, kuma Rofiat kaɗai ta san awon. Ranar addu'ar kwana takwas da rasuwarki, ƙanina Tajudin ya ce mata, "Malamar ta tafi, 'yar shara. Sai ki wanke hannu ki zo shagona a Legas." Rofiat ta kalle ni, don ta sha jin irin wannan daga bakina. Na ji kunyarki, Dokta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ilimin da kika bari ya bi ki da lada. Ina yi wa maigidanki Alhaji Oyewole ta'aziyya, da 'ya'yanki, da ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙuri.

Daga yau, a gidana babu mai sake tambayar Rofiat yaushe za ta kama aikin kirki. Wanda ya tambaya, ko cikinmu ɗaya da shi, ya nemi inda zai ci abinci.